Waya, Agogon Araha ko Agogon Gudu na Gaske: Ina Mai Sassarfa a Legas Zai Sa Kuɗinsa?

Da zarar damina ta janye aka shiga Nuwamba, masu niyyar shiga Lagos City Marathon na watan Fabrairu sukan ƙara ƙaimi. A daidai lokacin ne tambaya ɗaya ke yawo a bakin 'yan'uwanmu masu fita sassarfa bayan sallar Asuba, daga Agege zuwa Idi-Araba har Obalende: wane agogo zan saya? Tun 2016 da aka fara wannan gasa ake yin tambayar, amma yanzu ta fi nauyi, domin kayan nan da dala ake shigo da su, kuma kowa ya san inda naira take.

Ga matsayina tun kafin mu yi nisa. Idan tafin takalminka ya cinye, ko gwiwarka ta fara ƙorafi duk ranar da ka wuce kilomita biyar, agogo ba shi ne matsalarka ba, kuma bai kamata ya ci kuɗinka yanzu ba. Idan ƙafa lafiya take, takalmi ma da sauransa, to ko dai ka ci gaba da wayarka, ko ka sayi agogon gudu mafi sauƙi mai GPS nasa na kansa. Wanda ke tsakiya, wato agogon nan mai kyalli da araha wanda ba ya kama tauraron ɗan adam sai ya jingina da waya, shi ne ya fi cin kuɗin masu gudu a banza. Dalilan na nan tafe.

Wayar da ke aljihunka

Mutane da yawa ba su san cewa wayarsu ta riga ta iya rabin aikin da suke nema ba. Manhajoji irin su Strava da Nike Run Club suna auna nisa da lokaci da sauri kyauta, su zana maka hanyar da ka bi. Ba ka ma buƙatar data a lokacin gudun, domin GPS karɓa kawai yake yi daga taurarin da ke shawagi wajen kilomita 20,000 a sama. Sai ka dawo gida za ka kunna data ka ɗora. A fili, inda babu dogayen gine-gine, awon wayar kirki ba ya nesa da na agogo.

Inda take ba da matsala sananne ne. Wayoyin Android da yawa suna da tsarin tattalin batir wanda ke kashe duk manhajar da ke aiki bayan allo ya mutu. Sai mutum ya zagaya daga Pen Cinema zuwa Ogba ya dawo, ya buɗe waya ya tarar da miƙaƙƙen layi ya ratsa ta kan rufin gidaje, kilomita takwas ta koma uku. Gyaran ba wuya: shiga saitin batir, ka cire manhajar daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, ka ba ta izinin sanin wurinka a kowane lokaci. Sauran matsalolin ba saiti ke gyara su ba. Zufar Legas tana jiƙa aljihu sharkaf, ruwan Yuni ba ya sallama kafin ya sauko, kuma fita da babbar waya a hannu da duku-duku, kan titin da babu kowa sai masu babur, kasada ce da kowa ya san irinta. Jakar ƙugu mai zif da ke ɓuya ƙarƙashin riga tana rage wannan, amma daga nan ba ka ganin saurinka sai ka tsaya ka zaro. Ga wanda ke fita sau uku a mako, minti talatin zuwa arba'in, yana neman lafiya da rage tumbi, wannan ba komai ba ne. Waya ta ishe shi, shekara da shekaru ma.

Agogon araha

Waɗannan su ne suka cika shagunan Computer Village da tebura a bakin tasha: allo mai faɗi, launi mai ɗaukar ido, suna nuna saƙon WhatsApp, wasu har kira ake amsawa da su. A kwalin an rubuta nau'in wasanni fiye da ɗari. Abin da ba a cika rubutawa da manyan baƙaƙe ba shi ne yawancinsu ba su da GPS a cikinsu. Ko dai su ari na waya ta Bluetooth, ka ga ke nan dole ka fito da wayar da kake gudun fitowa da ita, ko kuma su ƙirga lilon hannunka su yi hasashen nisa da shi. Tsawon takunka kuwa yana canzawa tsakanin farkon gudu da ƙarshensa, tsakanin kwalta mai kyau da hanyar da kake tsallake kwata da ramuka. Awon nisa da irin wannan agogo kamar awon hatsi ne da mudun da ba a san girmansa ba: yau ya cika, gobe ya gaza, ba ka da yadda za ka kwatanta. Shiga Keke Napep ka bi hanya mai gargada, za ka sauka ka ga an ƙara maka taku ɗaruruwa.

Akwai kuma batun taɓa allo. Yatsa mai zufa ba ya aiki a kan gilashi mai zufa, ɗigon ruwan sama kuma yakan danna abin da ba ka danna ba, har ya tsayar maka da awo a tsakiyar hanya. Sannan duba abin da aka rubuta game da ruwa: IP67 ko IP68 na nufin zai jure fantsama da ɗan nutso, 5 ATM kuwa shi ne wanda ake iyo da shi. Wasu manhajojinsu ma ba sa barin ka fitar da tarihin gudunka zuwa wani wuri, ranar da ka canza agogo komai ya tafi.

Ban ce ba su da amfani ba. Ga dattijon da likita ya ce ya riƙa tattaki, ko uwargida mai son ganin yawan takunta a yini, sun wadatar. Kuma a cikin masu matsakaicin farashi, Amazfit da Huawei da Xiaomi suna da samfura masu GPS na kansu, waɗanda ba su cikin wannan suka. Abin dubawa ɗaya ne: shin yana kama tauraro shi kaɗai ba tare da waya ba?

Agogon gudu na gaske

A nan sunayen da za ka fi ji su ne Garmin da Coros da Polar, sai Apple Watch ga masu iPhone. Don a sami ma'auni, ga farashin da wasu suka fito da shi a Amurka: Garmin Forerunner 55 ya fito a 2021 kan dala 200, Coros Pace 3 a 2023 kan dala 229, Forerunner 165 a 2024 kan dala 250. Ka lissafa da canjin yau, ka ɗora ribar mai shigowa da shi, za ka ga ba ƙaramar shawara ba ce.

Abu na farko da kuɗin ke saya maka shi ne batir, kuma a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Forerunner 55 yana kai mako biyu a hannu, ko awa 20 da GPS a kunne. Na 165, saboda allonsa mai haske, kwana 11 ne da awa 19. Pace 3 yana kai awa 38 da GPS. Apple Watch na gama-gari kuwa shekaru da dama kamfanin da kansa awa 18 ya yi ta alkawari, wato caji kusan kullum, kuma ba ya aiki da wayar Android. Agogo ne mai kyau, awonsa na zuciya ma yana cikin waɗanda ake yabo, amma wanda ya kwana ba wuta zai iya tashi da Asuba ya tarar da shi a mace. Abu na biyu maɓallai ne na gaske, waɗanda kake dannawa ba tare da ka duba ba, ko hannunka na ɗigar da ruwa. Na uku, za ka iya tsara masa atisaye tun daga gida: minti uku da sauri, minti biyu a hankali, sau shida, ya riƙa girgiza maka hannu a kowane canji.

Mai shago zai so ya hau da kai sama, ya ce ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai kama sigina biyu. Ga abin da ake nufi. Taurarin GPS suna aiko da saƙo a kan zango fiye da ɗaya, kuma agogon da ke sauraren biyu a lokaci guda ya fi iya gane saƙon da ya bugi bangon bene ya dawo daga wanda ya zo kai tsaye. Forerunner 255 da 265 da Pace 3 suna da wannan, 55 da 165 ba su da shi. To, a ina kake gudu? Idan tsakanin dogayen benayen Marina da Broad Street ne, ko hanyarka na bi ta ƙarƙashin gadojin Obalende da Ojuelegba, za ka ga bambanci. Idan kuwa gadar Lekki zuwa Ikoyi ce, mai tsawon kilomita 1.36, wadda sama take a buɗe ko'ina, ko harabar Jami'ar Legas a Akoka, ko titunan unguwa masu bene ɗaya ko biyu, kuɗin da ka ƙara ba zai dawo maka da komai ba. Haka ma na'urar auna tudu da ake tallatawa: Legas shimfiɗaɗɗiya ce, hawan gada shi ne tudunmu. Wannan kayan 'yan Jos da Pankshin ne.

Kowane ka saya, gwada shi a filin da ke da layukan gudu, irin na Teslim Balogun a Surulere, idan an bar ka ka shiga. Layi na ɗaya mita 400 ne cif, zagaye 12 da rabi kilomita biyar ke nan. Ka tsaya a layin ɗaya fa, domin na biyu ya kusa mita 408, na takwas kuma ya haura 450. Idan agogo ya ba ka 5.05 ko 4.95, lafiyarsa ƙalau. Kuma ranar gasa kada ka yi faɗa da masu shiryawa don agogonka ya nuna kilomita 42.6 maimakon 42.195 da ke tsawon marathon. Ana auna hanyar gasa ne da keke ta mafi gajeren layin da mutum zai iya bi, kai kuwa ka yi ta kauce wa jama'a, ka ratse wajen ruwa, ka buɗe a kwana.

Zuciya, inda rigimar ta fi yawa

Koren hasken nan da ke walƙiya a bayan agogo yana haska fata ne, ya auna yadda jini ke ƙaruwa da raguwa a ƙarƙashinta. Idan kana zaune yana yin daidai. Idan kana gudu, agogon na motsi, haske na kutsawa ta gefe, zufa na shiga tsakani, wani lokaci sai ya rikice ya kama bugun ƙafarka a ƙasa ya ɗauka na zuciya ne. Da yake yawancin masu sassarfa suna taku 160 zuwa 180 a minti, lambar da zai nuna tana kama da ta zuciyar da ke cikin wahala.

Akwai wani dattijo ɗan canji da muke haɗuwa da shi da safe a wajen filin wasa na Agege, ya haura hamsin, ɗansa ne ya aiko masa da agogo daga waje. Wata rana ya tsaya cak ya miƙo mini hannu, fuskarsa ta canza.

"Malam, duba mini nan. Wai zuciyata na buga 172, alhali ko haki ba na yi."

Na ce, "Baba Alhaji, sa yatsu biyu a gefen wuyanka ka ƙirga, ni zan riƙe maka daƙiƙa goma sha biyar."

Ya ƙirga talatin da uku. Sau huɗu, 132 ke nan. Agogon a sake yake, yana lilo a kan ƙashin tsintsiyar hannu yadda ake ɗaura agogon ado. Muka tura shi sama da faɗin yatsa biyu, muka ƙara rami ɗaya a maɗauri, lamba ta sauko ta zauna. Wannan gwaji na yatsu ya kamata kowa ya iya shi. Amma idan da ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi na sarƙewa, ba maganar agogo ake ba, asibiti za a nufa. Mai hawan jini ko ciwon suga ma ya fara ganin likita kafin ya fara gudu.

Ana yawan tambaya ko baƙar fata na hana hasken aiki, tunda fata mai duhu ta fi shanye koren haske. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Duke ta Amurka a 2020 bai sami wani bambanci mai yawa tsakanin launukan fata ba, abin da ya gano shi ne kuskure na ƙaruwa sosai idan ana motsi. Masana ba su rufe maganar ba, amma ga mai gudu hukuncin ɗaya ne: awon tsintsiyar hannu kimantawa ce. Wanda ke son lamba ta gaskiya ya nemi ɗamarar ƙirji, irin Polar H10 ko Garmin HRM-Dual, wadda ke ɗaukar siginar lantarkin zuciya kai tsaye, da ƙaramin batir irin na agogon hannu da ke yin watanni. Tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, kuma kuɗinta bai kai na agogo ba. Saboda haka waya da ɗamara sun fi agogo shi kaɗai sanin zuciyarka, ga su da sauƙin kuɗi. Illarta ita ce a zafin nan tana gurje fata a ƙarƙashin ƙirji idan ba a shafa ɗan man Vaseline ba, kuma dole a wanke ta bayan kowane gudu.

Ko lambar ta yi daidai, akwai sauran magana. Yawancin agoguna suna fara lissafi ne da tsohuwar ƙa'idar nan ta 220 a cire shekarunka. Mai shekara 40 sai a ce iyakar zuciyarsa 180. Amma mutane na saɓa wa wannan da bugu goma ko fiye, sama ko ƙasa, kuma duk matakan da agogo ke raba maka gudu a kansu daga wannan lambar suke fitowa. Shi ya sa na fi yarda da gwajin hira: idan kana iya yi wa abokin gudunka cikakkiyar magana ba tare da yankewa ba, a sassauƙan mataki kake. Kusan huɗu cikin biyar na gudun mako ya kamata ya zama irin wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke miƙa wa agogo hukunci. Zai ba ka lambar VO2 max, wato hasashensa na yawan iskar da jikinka ke iya sarrafawa, ya ce ka huta awa 48, wani lokaci ya rubuta cewa horonka ba ya haifar da komai. Duk wannan daga kwatanta saurinka da bugun zuciyarka yake fitowa. A Legas kuwa, a watannin Fabrairu da Maris, ko da Asuba zafi ba ya cika sauka ƙasa da digiri 24 ko 25, laimar iska kuma takan haura kashi 80 cikin 100. Zufa ba ta bushewa balle ta sanyaya jiki, sai zuciya ta ƙara aiki tana tura jini zuwa fata. Saurin da ka saba yi a Kano ko Zariya da sanyin hunturu cikin nishaɗi, a nan zai ci maka ƙarin bugu da dama. Agogo ya ga haka sai ya ce ka ja baya, alhali jikinka da yanayi yake fama. Wasu manyan samfuran Garmin suna yin rangwame idan zafi ya wuce digiri 22, ƙananan ba sa yi. Wanda ya dawo daga Arewa ya ba jikinsa kwana 10 zuwa 14 ya saba, ya daina kallon lambar a wannan tsakani.

Haka batun barci. Agogon bai san sallar Asuba ba, bai san mai komawa ya ɗan runtsa bayanta ba, bai san sahur da tahajjud ba. A 'yan shekarun nan da azumi ke faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris, daidai tsananin zafi, zai yi ta ba ka maki mara kyau wata guda cur. Ka rage nisa, ka mai da gudun bayan buɗa-baki ko bayan Tarawihi, ka bar shi ya yi ta rubutunsa. Abin da ya fi amfani a auna shi ne ruwa: hau sikeli kafin gudu da bayansa, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta zufa, wato ledar fiya wata biyu.

Inda kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa

Ban taɓa ganin wanda ya bar gudu don ba shi da agogo ba. Waɗanda suka bari, gwiwa ce, ko ƙwauri, ko agara, ko tafin ƙafa da ke suka da safe. Kwalta da kankare muke takawa, gefen titi a karkace yake saboda magudanar ruwa, da yawanmu kuma ko dai a zaune muke yini a shago da cikin go-sulo, ko a tsaye a kasuwar Mile 12 har dare. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, bayan minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ta ce babba ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wani nazari da aka buga a 2014 a mujallar British Journal of Sports Medicine, wanda ya tattara gwaje-gwaje 25 da mutum sama da 26,000, ya nuna aikin ƙarfi ya rage raunin wasanni zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, miƙe jijiyoyi kuwa bai nuna wata kariya ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka gwada 'yan ƙwallo ne da makamantansu, ba masu sassarfa ba, don haka kada a ɗauki lambar a matsayin alkawari. Amma inda ta nuna a fili yake.

A nan ma akwai zaɓi: gidan motsa jiki ko tsakar gida. Gidan motsa jiki yana da ƙarfe mai nauyin da aka sani, da madubi, wani lokaci da mai koyarwa da zai gyara maka tsayuwa. Amma kuɗin wata ne, kuma idan sai ka shiga mota biyu kafin ka isa, wata na biyu ba zai same ka a can ba. 'Yan'uwa mata da yawa kuma ba sa sakewa a wurin da maza suka cika. Akwai kuma ƙarfen unguwa, wanda samari ke zuba siminti a gwangwanin fenti su soka sanda a tsakiya. Kyauta ne ko kusan haka, amma ba wanda ya san nauyinsa, gefe ɗaya yakan rinjayi ɗaya, kuma al'adar wurin ƙirji da damtse ce. Mai gudu kuwa daga ƙugu zuwa ƙasa yake da buƙata.

Ni tsakar gida nake ba sabon shiga shawara, da jarka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarkar lita 25 irin ta masu garuwa sikeli ce a kanta: ka fara da lita takwas, kana ƙara ɗaya ko biyu duk mako. Jakar fiya wata mai leda 20 kilo goma ce. Rungume jarkar a ƙirji ka tsuguna har cinya ta yi daidai da gwiwa, ka miƙe. Ka hau benci ko matakala da ƙafa ɗaya, ka sauko a hankali, saukowar ita ce aikin. Ka sa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya ka nutsa ƙasa. Ka kwanta rigingine, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu. Kowanne sau 8 zuwa 12, zagaye uku. Wanda kuma bai kamata a tsallake ba shi ne na sha-raɓa: tsaya a bakin matakala da ƙafa ɗaya, dunduniya a waje, ka ɗaga har ƙarshe, ka sauke sannu a hankali, sau 15. Mai gudun da ya kasa yin goma a jere ya san inda ciwon agararsa ke fitowa. Minti ashirin da biyar, sau biyu a mako, ba a jajibirin dogon gudu ba. Bayan wasu watanni jarka za ta yi wa mai ƙarfi kaɗan, a lokacin ne kuɗin gidan motsa jiki ke da ma'ana.

A wannan fage duk agogunan sun gaza, mai tsada da mai araha. Suna ƙirga maimaici ne da motsin hannu, a tsugunno da ɗaga dunduniya kuwa hannu ba ya motsi. Idan ka damƙe hannun jarka, tsokar tsintsiya na matse jijiyoyin jini, awon zuciya ya lalace. Daga nan sai ya ce ba ka yi aikin komai ba, washegari ya ba ka shawarar gudu mai zafi a kan ƙafafun da ke ciwo. Ƙaramin littafi da biro sun fi shi: rana, motsi, lita nawa, sau nawa.

Idan ka yanke shawarar saye

Wanda ya yi wata shida yana fita a kai a kai, yana aikin ƙarfinsa, takalminsa bai wuce kilomita 500 zuwa 800 da ake ba yawancin takalman gudu ba, kuma yana hangen kilomita 10 ko rabin marathon, shi agogo zai yi wa amfani. Tsakanin ukun da na ambata, mai son batir da sigina biyu ya ɗauki Pace 3, mai son sauƙin kuɗi ya ɗauki Forerunner 55, wanda kuma idonsa ke son allo mai haske ya ɗauki 165. Ba na ganin dalilin da mai gudu don lafiya zai wuce nan.

Gishirin zufa yana cin ƙarfen wurin caji, don haka a ɗauraye agogo da ruwa bayan gudu, a bar shi ya bushe kafin a sa wayar caji. Mai alwala sau biyar dama yana motsa shi ko ya kwance, sai ya ƙara da share ƙarƙashinsa, domin danshin da ke kwana a wurin ne ke kawo ƙuraje. A manhajar Strava kuma a kunna saitin da ke ɓoye farko da ƙarshen hanya. A Janairun 2018 taswirar wannan manhaja ta tona wuraren sansanonin soja a ƙasashe da dama, saboda kawai sojoji na gudu da agogo. Mai fita daga ƙofar gidansa ƙarfe shida saura kullum bai kamata ya bar wa duniya wannan bayani ba, musamman mace. Kada kuma a dogara da rumbun kamfani kaɗai: a Yulin 2020 masu kutse sun durƙusar da na Garmin kwanaki, agoguna na aiki amma ba a iya ɗora komai.

Na hannu, wanda 'yan kasuwa ke ce wa tokumbo, yakan sauko da farashi sosai, kuma agogon gudu mai shekara biyu ko uku yana da sauran aiki idan batirinsa bai gaji ba. Batirin a like yake ciki, canza shi ba kamar na waya ba ne, saboda haka a shagon za ka gama bincike. Duba ƙarfen wurin caji ko ya yi kore. Tabbatar an haɗa maka da wayar cajinsa, domin kowane kamfani da irin bakin tasa. Danna kowane maɓalli ka ji ya amsa. Idan Apple Watch ne, a cire asusun mai shi na farko a gabanka, in ba haka ba ba zai buɗu ba. Sannan ka kashe Bluetooth na wayarka, ka fita da agogon fili, ka kunna gudu, ka jira ya kama tauraro, ka yi tafiyar minti goma kana lura da kashi nawa batir ya sauka. Lafiyayye da wuya ya ci fiye da kashi ɗaya ko biyu. Idan mai shago ya ce ba za a fita da shi waje ba, ko da rakiyar yaronsa, ka bar masa kayansa ka leƙa shago na gaba.